Daren da Aka Tsare Djokovic a Melbourne: Yadda Dokar Rigakafi Ta Rikita Wasan Tanis

Da misalin ƙarfe 11:30 na daren Laraba, 5 ga Janairun 2022, wani jirgi da ya taso daga Dubai ya sauka a filin jirgin saman Tullamarine da ke birnin Melbourne na ƙasar Ostareliya. Cikin fasinjojinsa akwai Novak Djokovic, ɗan ƙasar Sabiya, wanda a lokacin babu na gabansa a wasan tanis na maza a duk duniya. Saura kwana 12 a fara gasar Australian Open, wadda ya riga ya cinye sau tara. A lissafinsa, gari na wayewa zai fara atisaye. Sai jami'an shige da fice suka ware shi daga cikin abokan tafiyarsa, suka shigar da shi wani ɗaki, aka kwana ana yi masa tambayoyi. Da ƙarfe 7:42 na safe aka sanar da shi an soke bizarsa. Dalili kuwa shi ne bai yi allurar rigakafin korona ba, kuma hujjar da ya zo da ita ta neman sassauci ba ta gamsar da su ba.

Abin da ya kai shi Melbourne ba ƙarami ba ne. Shi da Roger Federer da Rafael Nadal kowannensu na da kofi 20 na manyan gasannin nan huɗu da ake kira Grand Slam. Duk wanda ya ƙara ɗaya ya kafa tarihin da wani namiji bai taɓa kafawa ba. Federer na jinyar gwiwa, Nadal kuma ya yi watanni bai buga wasa ba saboda ciwon ƙafa. Kowa ya ɗauka na Djokovic ne.

An yi ta ba da wannan labari kamar rigima ce tsakanin mutum guda mai taurin kai da wata gwamnati mai taurin kai. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Wanda ya san yadda ɗan wasan tanis ke tsara rayuwarsa zai ga cewa abin da ya fi cutar da 'yan wasa a waɗannan shekaru shi ne rashin sanin wace doka ce ke aiki, da wa ke da ikon faɗinta, da kuma yaushe za ta sauya. Manyan 'yan wasa sun sha da ƙyar, ƙanana kuwa sun ji a jikinsu.

Sana'ar da babu kulob

Ɗan ƙwallon ƙafa yana da kulob. Kulob ke biyansa albashi ko ya buga ko bai buga ba, shi ke nema masa biza, shi ke da likita da jirgi da lauya. Ɗan tanis shi ne kulob ɗin kansa. Daga aljihunsa yake biyan koci da mai gasa masa jiki da kuɗin jirgi. Idan bai shiga fili ba babu ko sisi. Matsayinsa a jerin gwanayen duniya ma ba abin ajiya ba ne, domin makin da ya samu a gasa yana zubewa bayan mako 52, sai ya koma ya sake nemo shi. Wanda ya ci Grand Slam yana samun maki 2,000, kuma idan shekara ta zagayo bai je ba, ko da kuwa hana shi aka yi, makin ya tafi. Da wannan matsayi ake shiga gasa, kuma a manyan gasanni ana rufe rajista tun saura mako shida.

Kakar wasa na farawa a Janairu ta ƙare a Nuwamba, ana yawo daga wannan nahiya zuwa waccan. 'Yan makonnin Disamba ne kawai ɗan wasa ke da su na gina jikinsa. A nan ake gudu da ɗaga ƙarfe da gyaran bugu, yawanci a wurare masu ɗumi irin su Dubai da kudancin Sifaniya da Florida, domin Turai na cikin hunturu alhali Melbourne na tsakiyar bazara, inda zafi kan haura digiri 40. Ga bambancin lokaci na awa 10 tsakaninta da tsakiyar Turai. Shi ya sa 'yan wasa ke isa da wuri, su saba da rana da barci da irin tsallen da ƙwallo ke yi a filin, su buga ƙananan gasanni ɗaya ko biyu a Adelaide ko Sydney ko Brisbane. A Grand Slam maza na buga har turmi biyar, wasa ɗaya kan ci awa huɗu ko biyar, kuma sai ka ci wasa bakwai a jere kafin ka ɗaga kofi. Jikin da zai ɗauki wannan nauyi a hankali ake dafa shi, kwana bayan kwana, kuma mako guda na zaman ɗaki ya isa ya ɓata aikin wata guda.

Sannan wasan ba shi da uba ɗaya. Hukumomi bakwai ke tafiyar da shi: ATP ta maza, WTA ta mata, ITF ta ƙasa da ƙasa, da masu manyan gasannin huɗu na Melbourne da Paris da London da New York, kowa da ikonsa. Da annoba ta zo, babu wata murya guda da za ta ce ga dokar tanis a kan rigakafi. ATP da WTA sun yi kira ga 'yan wasa su yi allurar, amma ba su tilasta ba. Saboda haka aka bar maganar a hannun jami'in da ke bakin iyakar kowace ƙasa.

Shekarar buga ƙwallo a jikin katifa

Kafin a zo maganar allura an sha wahalar killacewa. A 2020 an soke Wimbledon ta London, abin da ba a taɓa yi ba tun Yaƙin Duniya na Biyu. An ɗage gasar Faransa zuwa ƙarshen Satumba, ta Amurka kuma an yi ta babu 'yan kallo. A Yunin shekarar ne Djokovic ya shirya wasannin sada zumunci da ya kira Adria Tour a Belgrade da Zadar, da cunkoson jama'a da rungumar juna da rawa a gidan casu. Grigor Dimitrov da Borna Coric da Viktor Troicki suka kamu, shi ma da matarsa suka kamu, ya fito ya nemi afuwa. Watanni biyu kafin nan ya riga ya faɗa a wata hira ta Facebook cewa shi ba ya son rigakafi, kuma ba zai so a tilasta masa allura don ya yi tafiya ba. Tun daga lokacin jama'a suka sa masa ido.

Gasar Melbourne ta 2021 ita ce ta nuna ƙarara abin da dokar lafiya ke yi wa shirin ɗan wasa. An ɗage ta da mako uku zuwa 8 ga Fabrairu, an kai wasannin share fage Doha da Dubai, aka kwaso mutum fiye da 1,000 a jiragen haya. Sharaɗin shi ne kowa zai yi kwana 14 a otal, amma za a bar shi ya fita na awa biyar kullum don atisaye. Sai aka samu masu cutar a jirage uku, daga Los Angeles da Abu Dhabi da Doha. Nan take aka kulle 'yan wasa 72 a ɗakunansu, babu fita ko ta minti ɗaya. Duniya ta ga bidiyonsu suna jingina katifa da bango suna dukan ƙwallo a kanta, wasu na sassarfa tsakanin ƙofa da taga. Yulia Putintseva ta Kazakistan ta nuna ɓera a ɗakinta. Paula Badosa ta Sifaniya ta kamu a tsakiyar killacewar, nata zaman ya kai kwana 21.

A daidai wannan lokaci manyan taurari, irin su Djokovic da Nadal da Serena Williams da Naomi Osaka, suna Adelaide cikin yanayi mafi sauƙi. Djokovic ya rubuta wa shugaban gasar, Craig Tiley, wasu shawarwari a madadin waɗanda ke kulle: a kai musu kayan motsa jiki, a gyara abinci, a rage kwanaki, a mayar da wasu gidaje masu filin wasa. Daniel Andrews, firimiyan jihar Victoria da Melbourne ke cikinta, ya ce babu wanda za a fifita. Mutanen gari ma ba su ji tausayin 'yan wasan ba, kuma da dalilinsu, domin dubban 'yan ƙasar na maƙale a waje an hana su komawa gida.

Da aka fara gasa, Victoria Azarenka da Angelique Kerber, waɗanda dukansu sun taɓa cin wannan kofi kuma dukansu suna cikin 72 ɗin, suka faɗi a zagayen farko. Jennifer Brady ta Amurka kuwa daga wannan ɗakin kulle ta fito ta kai har wasan ƙarshe, inda Osaka ta doke ta. Ba kowa zaman ya karya ba ke nan, amma babu mai cewa an tashi tsere daga layi ɗaya.

Ƙofa ɗaya, masu gadi uku

Birnin Melbourne ya yi zaman kulle har sau shida, jimillar kwana fiye da 260, wanda ke cikin mafi tsawo a duniya. Mutane sun binne iyayensu ba tare da dangi sun halarta ba. Sama da kashi 90 cikin 100 na manyan ƙasar sun yi allura biyu. Wanda bai riƙe wannan a ransa ba ba zai fahimci fushin da ya biyo baya ba. A Nuwamban 2021 Tiley ya tabbatar cewa duk mai son buga gasar 2022 sai ya yi rigakafi, ko kuma ya kawo hujjar likita.

Sharaɗin allura a bakin iyaka ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk maniyyacin da ya tashi daga Kano ko Yamai ya san ba a shiga Saudiyya aikin Hajji sai da shaidar allurar sanƙarau da ta shawara, kuma ba mu taɓa jin an ce an tauye wa alhaji haƙƙi ba. Abin da ya sa wannan ke tafiya lami lafiya shi ne an san dokar tun kafin a biya kuɗin kujera, kuma mai dokar ɗaya ne.

Yawancin 'yan wasa sun bi. Stefanos Tsitsipas na Girka, wanda a Agustan 2021 ya ce ba zai yi ba sai in an wajabta har gwamnatin ƙasarsa ta mayar masa da martani, daga baya ya yi. Andy Murray da Azarenka sun fito fili sun goyi bayan rigakafin. Zuwa Janairun 2022, ATP ta ce 97 daga cikin manyan 'yan wasa 100 sun yi. Wasu kaɗan, irin su Tennys Sandgren na Amurka da Pierre-Hugues Herbert na Faransa, suka ce ba za su yi ba, suka haƙura da tafiyar, suka zauna a gida. Ba a yi wata hayaniya a kansu ba.

Djokovic ya bi ta ƙofar sassauci. Hukumar Tennis Australia da gwamnatin jihar Victoria sun kafa kwamitocin likitoci biyu masu duba takardu ba tare da ganin sunan mai su ba. Mutum 26 suka nema, 'yan kaɗan suka samu. Hujjarsa ita ce gwajin da aka yi masa ranar 16 ga Disamba ya nuna ya kamu da korona, kuma masu gasar sun shaida wa 'yan wasa cewa kamuwa cikin wata shida da suka wuce na iya zama dalilin jinkirta allura. Ranar 30 ga Disamba aka ba shi takarda. Ranar 4 ga Janairu ya sa hotonsa da jakunkuna a Instagram yana cewa ya samu izini, ya kama hanya.

To amma jiha ba ta da iko da iyakar ƙasa, balle hukumar wasa. Wannan hurumin gwamnatin tarayya ne. Kuma tun ranar 29 ga Nuwamba ministan lafiya na tarayya, Greg Hunt, ya rubuta wa Tiley cewa kamuwa da cutar a baya ba ta isa a shiga ƙasar babu killacewa ba. A nan gizo ke saƙar. An faɗa wa masu gasa abu ɗaya, su kuma suka faɗa wa 'yan wasa wani. Yayin da jirgin Djokovic ke sama, ƙasar ta ɗauki zafi, ga nau'in Omicron na kama dubun dubatar mutane kullum, ga zaɓe na tafe cikin 'yan watanni. Firaminista Scott Morrison ya ce doka doka ce, babu wanda ya fi ƙarfinta.

Aka kai shi Park Hotel a unguwar Carlton, inda ake tsare baƙin haure da masu neman mafaka a lokacin. A can ya yi Kirsimetin mabiya cocin Orthodox ranar 7 ga wata, Sabiyawan Melbourne na taruwa a bakin titi da tutoci. Ranar 10 ga Janairu alƙali Anthony Kelly ya rushe soke bizar. Dalilinsa bai shafi allura ba. Da asuba jami'ai sun yi wa Djokovic alkawarin jira har 8:30 don ya tuntuɓi lauyoyinsa da masu gasa, sai suka yanke hukunci kafin lokacin ya cika. A zaman kotun alƙalin ya yi tambayar da ta zaga duniya: me kuma ya rage wannan mutum ya yi? A daren nan Djokovic ya wuce filin Rod Laver ya yi atisaye.

Kwanakin da suka biyo baya ne suka zubar masa da mutunci a idon mutane da dama, kuma a ganina da hujja. An gano cewa takardar shigarsa ta ce bai je wata ƙasa ba cikin kwana 14 kafin tafiyar, alhali ya bar Belgrade ya je Marbella ta Sifaniya yin atisaye. Ya ce wakilinsa ne ya yi kuskuren cike takardar. Mafi muni, ya amsa da bakinsa cewa ranar 18 ga Disamba, yana sane yana ɗauke da cutar, ya zauna da ɗan jaridar L'Équipe ta Faransa, har ya cire takunkumi aka ɗauke shi hoto. Mutum na da ikon cewa ba za a sa masa allura ba. Ba shi da ikon ɗaukar cuta ya kai wa wanda bai sani ba. Wannan bai da alaƙa da 'yancin jiki, rashin kula da haƙƙin wani ne, kuma shi kansa ya ce bai kyauta ba.

Ranar 13 ga wata aka fitar da jadawali da sunansa a sama, zai kara da ɗan ƙasarsu Miomir Kecmanovic. Washegari ministan shige da fice, Alex Hawke, ya yi amfani da ikon da doka ta ba shi shi kaɗai ya sake soke bizar. Ministan bai ce Djokovic zai yaɗa cuta ba, ya ma yarda haɗarin hakan kaɗan ne. Cewa ya yi zamansa a ƙasar na iya ƙarfafa gwiwar masu adawa da rigakafi. Ranar Lahadi 16 ga wata alƙalai uku na Kotun Tarayya, ƙarƙashin James Allsop, suka ce ministan bai wuce huruminsa ba, suka kuma bayyana cewa ba aikinsu ba ne su auna ko matakin hikima ne. A daren ya bar ƙasar, da haramcin shiga na shekara uku a kansa. Gurbinsa aka bai wa Salvatore Caruso na Italiya, wanda ya riga ya faɗi a wasan share fage.

Hujjar ministan ba ta kwanta mini ba. Da an ce masa tun farko babu allura babu shiga, da magana ta ƙare a Belgrade. Amma a ba mutum biza, a bar shi ya keta rabin duniya, kotu ta sake shi, sannan a kore shi saboda abin da wasu za su iya ji a ransu idan sun gan shi, wannan ya fi kama da siyasa.

Nadal, wanda shi ma ya kamu da korona a Disamba bayan wani wasa a Abu Dhabi amma ya yi allurarsa, ya ce yana tausaya wa abokin hamayyarsa, sai dai ya san sharuɗɗan tun watanni da suka wuce. Mako biyu bayan korar Djokovic, a wasan ƙarshe na gasar, Nadal ya farfaɗo bayan Daniil Medvedev ya cinye shi turmi biyu, ya yi nasara a wasan da ya ɗauki awa 5 da minti 24, ya zama namiji na farko mai kofi 21.

Waɗanda ba su da lauya

Renata Voracova 'yar Jamhuriyar Cek ce, mai shekara 38 a lokacin, tana buga wasan bibbiyu, inda kuɗin bai taka kara ya karya ba. Irin takardar Djokovic gare ta. Jami'ai sun duba sun bar ta ta shiga, ta yi kwanaki a gari, har ta buga wasa a wata ƙaramar gasa a Melbourne. Da rigimar Djokovic ta tashi sai aka bi ta aka kamo, aka soke bizarta, aka kai ta otal ɗin da yake. Ba ta da ayarin lauyoyi, shugaban ƙasa bai yi magana a kanta kullum ba, ba a taru a titi don ita ba. Ta tattara kayanta ta tafi. WTA ta ce matar ta bi duk ƙa'idar da aka gindaya mata, ba ta yi laifin komai ba. Atisayen Disamba, kuɗin jirgi, kuɗin gasar da take sa rai, duk sun bi ruwa.

Natalia Vikhlyantseva ta Rasha kuwa ta yi allurarta, amma Sputnik V ce, wadda Ostareliya ba ta amince da ita ba a lokacin, don haka ba ta je ba. Wani yaro ɗan Indiya mai shekara 17 ya rasa gasar matasa saboda ƙasarsa ba ta fara yi wa 'yan ƙasa da 18 allura da wuri ba, aka kuma hana shi sassauci. Waɗannan biyun ba su ƙi rigakafi ba. Inda aka haife su ne ya yanke musu hukunci. A shekarar, wanda ya faɗi a zagayen farko na gasar yana tafiya da dalar Ostareliya 103,000. Ga ɗan wasan da ke wajen lamba 100 a duniya, wannan ne kuɗin da zai riƙe shi da kocinsa na watanni.

A benen otal ɗin nan kuma akwai mutum kimanin 30 da ba su zo buga komai ba. Masu neman mafaka ne, wasu sun kusa shekara tara a tsare a wurare daban-daban. Ɗaya daga cikinsu, ɗan Iran, ya iso yana ɗan shekara 15, ya cika 24 a cikin makon da Djokovic ke wurin. Sai da aka kulle tauraro na 'yan kwanaki sannan kyamarorin duniya suka san da su. An sake su a watannin da suka biyo baya, ana daf da zaɓe.

Kakar wasa mai giɓi

A Fabrairu Djokovic ya shaida wa BBC cewa shi ba ɗan gwagwarmayar yaƙi da rigakafi ba ne, an yi masa allurai yana yaro, amma yana son ya zaɓi abin da zai shiga jikinsa, kuma idan hakan na nufin rasa Roland Garros ta Faransa da Wimbledon, ya yarda ya biya. A nan dole a ba shi haƙƙinsa. Bai nemi takardar bogi ba, bai yi ƙaryar ya yi allura ba, ya tsaya a kan maganarsa ya kuma ɗauki asarar. Ina ganin ya yi kuskure a kan rigakafin, domin ta ceci rayuka masu ɗimbin yawa, kuma mutum mai irin farin jininsa maganarsa na da nauyi a kunnen matasa. Amma ya biya da abin da ya fi so a duniya.

Shekarar 2022 ta zama masa ta jiran sanarwar gwamnatoci. Dubai ta karɓe shi, ya buga wasa uku, Jiri Vesely ya fitar da shi, Medvedev ya karɓe lamba ɗaya ranar 28 ga Fabrairu. A lokacin Amurka ba ta barin baƙo marar allura ya shiga, don haka babu gasar Indian Wells babu ta Miami. Ya isa Monte Carlo a Afrilu da waɗannan wasanni uku kacal a ƙafarsa, Alejandro Davidovich Fokina ya doke shi a wasan farko, turmin ƙarshe 6-1, ya ce ƙarfinsa ne ya ƙare. A gida Belgrade Andrey Rublev ya yi masa 6-0 a turmin ƙarshe na wasan ƙarshe. Mutumin da aka sani da cewa ba ya gajiya ke nan. Atisaye komai yawansa ba ya maye gurbin wasan gaske, kuma wannan ne abin da 'yan wasa ke nufi idan suka ce suna neman wasanni a ƙafa.

Faransa ta janye dokar shaidar rigakafi a tsakiyar Maris, ya samu shiga Roland Garros bayan ya ci gasar Rome, Nadal ya tsayar da shi a zagayen 'yan takwas. Wimbledon ba ta nemi allura ba, ya cinye ta a kan Nick Kyrgios. Sai dai a shekarar an cire wa gasar maki saboda ta hana 'yan Rasha da Belarus shiga, don haka ya ɗaga kofi ya kuma gangaro zuwa lamba bakwai. Daga nan sai zaman gida: babu gasar Kanada, babu ta Cincinnati. Ya ci gaba da atisaye a kan fili mai tauri yana fatan Amurka za ta sassauta, har ranar 25 ga Agusta, ranar fitar da jadawalin US Open, sannan ya sanar ba zai je ba. Gasar kanta ba ta wajabta wa 'yan wasa allura ba. Ba'amurke marar allura na iya bugawa, baƙo ne ba zai iya sauka a filin jirgi ba. Carlos Alcaraz, mai shekara 19, ya ci kofin ya hau lamba ɗaya.

Bayan sauyin gwamnati a Ostareliya, sabon ministan shige da fice Andrew Giles ya ɗage masa haramcin a Nuwamban 2022. A Janairun 2023 ya koma Melbourne, ya doke Tsitsipas, ya ci kofin karo na 10, ya haura wurin iyalinsa ya fashe da kuka. A wannan gasar, shekara guda tak bayan korarsa, ba a nemi shaidar allura ba, ba a tilasta gwaji ba, an ma ce mai ɗauke da cutar na iya bugawa. Ya sake rasa Indian Wells da Miami a Maris, Amurka ta janye dokarta a Mayu, ya je New York, a Satumba ya ci kofinsa na 24.

Djokovic ya mayar da abin da ya rasa, har da riba. Gwamnatin Ostareliya na da ikon tsare ƙofarta, kuma mutanen Melbourne da suka sha kulle na da ikon jin haushi. Laifi mafi girma a wannan lamari yana wuyan masu shirya gasar, waɗanda ke da wasiƙar minista a hannu tun Nuwamba amma suka bar 'yan wasa suka hau jirgi da takardar da ba ta buɗe iyaka. Hukumar Tennis Australia ta fitar da sanarwar nadama kan yadda abin ya shafi 'yan wasa, Tiley kuma ya ci gaba da riƙe kujerarsa. Voracova sai da ta kai ƙara da kanta gaban wata kotun sauraren ƙorafi ta ƙasar, wadda a Yulin 2022 ta ɗage mata haramcin shiga na shekara uku da ita ma aka sa mata, wata shida bayan an gama gasar da ta je bugawa.